Hoton duwatsu a cikin hunturu: yaya ake yi da hazon da ke sauka ba zato?

Ɗalibin Hoto, Gombe

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan ɗaukar hoton duwatsu a wannan lokaci na hunturu. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna ce a nan cikin garin Gombe, amma zuciyata ta fi karkata ga hoton ƙasa da shimfiɗarta, musamman duwatsun kudancin jiharmu, irin su Dutsen Tangale da Kilang da tudun Tula, waɗanda mai bin hanyar Yola ta Billiri da Kaltungo yake hango wasu daga cikinsu. Burina shi ne in tara hotunansu masu kyau da za a iya bugawa a rataye a falo ko a ofis, domin yana damuna ƙwarai yadda yawancin hotunan bango da ake sayarwa a kasuwanninmu na duwatsun wasu ƙasashe ne, alhali namu suna nan ba wanda ya kula su.

Abin da ya gagare ni shi ne yanayi ba ya tsayawa a kan magana ɗaya. Mutum zai kwanta sama garau, taurari a fili, ya yi asubanci ya kama hanya, amma kafin ya isa gindin dutse hazo ya rufe komai, har kan dutsen ma ba a gani. Wata rana kuma a tashi da ƙura ya fasa fita, sai zuwa la'asar gari ya washe. Hotunan da nake samu a ranar hazo suna fitowa toka-toka, babu armashi, ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a sararin sama waɗanda ba sa gusawa daga wuri ɗaya a kowane hoto.

Shawarwarin da nake gani a intanet duk an rubuta su ne saboda tsaunukan Turai da Amurka masu dusar ƙanƙara, inda ake maganar mutuwar batir saboda sanyi da gumin da gilashin kyamara ke yi. Shin wanne daga cikinsu ya shafe mu? Akwai hanyar sanin ranar da hazo zai sauka tun kafin mutum ya zuba mai a babur? Idan kuma ya riske ni a can, in tattara kayana in dawo ne, ko akwai abin da zan iya yi da shi?

Baba Mai Hoto, Bauchi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa sana'a albarka. Tun zamanin da ake loda fim a kai shi wanki nake bin duwatsun da ke kewaye da mu da kyamara, daga Warinje da ke nan bakin gari har Zaranda ta hanyar Jos da Mbula ta Dass, kuma zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce uwar sauran. Kada ka tattara kaya ka dawo. Ka riƙa fita da niyyar hoto biyu a zuciyarka, ɗaya na ranar da gari ya washe, ɗaya na ranar hazo, sannan ka bar abin da ka tarar a can ya zaɓa maka wanda za ka ɗauka.

Idan ka tarar da sarari, aikin sananne ne: gilashi mai faɗin gani, rana a bayanka ko a gefenka, ka nemi wani abu a kusa da kai, fa ko itace ko turbar shanu, wanda zai ja ido zuwa ga dutsen. Na ranar hazo shi ne wanda matasa ba su cika sani ba, kuma a wurina ya fi wancan daraja. Ka ajiye gilashi mai faɗi, ka ɗaura mai jawo nesa, daga milimita 70 zuwa 200, ka hau wuri mai ɗan tudu, ka fuskanci ɓangaren da rana take amma kada ka saka ta a tsakiya. Da safe a wajen Zaranda, idan hazo bai yi kauri sosai ba, abin da ido zai gani shi ne jerin duwatsu a bayan juna: na kusa baƙi wuluk, da kuka ɗaya a kansa wadda ta zubar da ganye, rassanta a fili ɗaya bayan ɗaya, na bayansa ruwan ƙasa, na uku ruwan toka, na huɗu kuwa da kyar za ka raba shi da sama. Ranar kanta tana rataye fara sol kamar sabon faifai, ba ta da kaifi. A ranar da gari ya washe waɗannan duwatsu duk launinsu ɗaya ne, suna manne da juna a hoto, hazon ne kaɗai yake raba su ya nuna tazarar da ke tsakaninsu. Sai dai ina gargaɗinka, komai dusashewar rana kada ka leƙe ta ta ramin kallon kyamara alhali gilashi mai jawo nesa yana ɗaure, ka yi amfani da allon baya, ido ba shi da madadi.

Maganar fitowar hoto toka-toka kuwa, daga ma'aunin hasken da ke cikin kyamara take. An ƙera shi ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaicin haske ne, to idan fari ya cika fili sai ya rage haske har farin ya koma toka. Wannan ita ce matsalar da masu ɗaukar dusar ƙanƙara suke fama da ita, kuma a nan shawararsu ta shafe mu kai tsaye. Su sukan ƙara haske da mataki ɗaya zuwa biyu (kowane mataki yana ninka haske sau biyu), mu a hazo kashi biyu cikin uku na mataki zuwa mataki ɗaya yakan wadatar. Ka nemi maɓallin da ke da alamar +/- ka ƙara, sannan ka duba jadawalin hasken da kyamara ke nunawa, ka ga tudunsa ya matsa dama amma bai manne da bango ba. Kada ka yarda da hasken allo kawai, domin a fili yakan yaudari ido. Ka ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoto wanda kyamara ba ta sarrafa ba, saboda bambancin launin da ke tsakanin dutse na uku da na huɗu siriri ne ƙwarai, tsarin JPEG da aka saba da shi yakan haɗiye shi.

Wajen gyara a kwamfuta ina roƙonka ka sassauta hannu. Manhajar Lightroom tana da ma'aunin kawar da hazo, kuma ina ganin yadda yara suke jan sa har ƙarshe, sama ta koma shuɗi mai datti, gefen dutse ya yi wani farin zobe. Wanda ya san ƙasar nan da kallo ɗaya zai gane ba haka Janairu take ba. Ɗan kaɗan a kan dutsen da ke kusa ya isa, na nesa a bar su yadda Allah ya nuna su.

Ɗige-ɗigen da ka ambata ƙura ce ta kwanta a kan sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, shi ya sa ba sa sauya wuri. Ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, za ka gan su duka. Maganinsu ɗan zugazugin roba da ake sayarwa domin wannan aiki: ka kifa bakin kyamara ƙasa ka hura daga nesa kaɗan, ba tare da ya taɓa komai ba. Ban da hurawa da baki, ban da bakin riga, domin ƙurar hunturu tana karce gilashi idan aka goge ta a bushe. Abin da ya ƙi fita ka kai wa mai gyara. Kuma ka yanke shawarar gilashin da za ka yi aiki da shi tun kana cikin mota ko ɗaki, kada ka buɗe cikin kyamara a kan dutse iska tana kaɗawa.

Malamar Labarin Ƙasa, Gombe

Baba ya gama magana a kan kyamara, Allah ya ƙara girma. Ni zan taɓa tambayar ƙanena ta biyu, domin hazon nan ba daga sama yake faɗowa haka kawai ba, yana da mafari kuma yana da hanya.

Mafi yawan ƙurar da ke rufe mu tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, wurin da a da can ƙasan wani babban tafki ne da ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da na Ennedi, sai ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan gari ta yo kudu maso yamma da shi. Masana suna lissafa wurin a matsayin mafi girman tushen ƙura a duniya. Ba kullum iskar take da wannan ƙarfi ba, takan yi 'yan kwanaki tana bugawa sannan ta lafa, shi ya sa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris hazo yake zuwa mana kashi-kashi. Tunda kuwa tafiya yake yi, yakan kwana ɗaya ko biyu a hanya, kuma Borno da Yobe suke fara karɓarsa kafin mu. Saboda haka idan kana da ɗan'uwa a Maiduguri ko Damaturu, kiran waya ɗaya da yamma zai gaya maka abin da ya fi kusa ka tarar gobe. Haka nan hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen kwana uku, tana faɗin nisan da ido zai iya gani. Idan ta ce kilomita 2 zuwa 5, wannan ita ce ranar hoton da Baba ya siffanta. Idan ta ce mita 1,000 ko ƙasa da haka, irin ranar da jirage ke fasa sauka, to dutsen da ke nesa ya ɓace ke nan, sai dai ka matsa kusa ka ɗauki fa da itatuwa da mutanen da ke wucewa a cikin farin. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka duba waɗannan tun dare.

Akwai kuma sauyin da ke faruwa a cikin yini ɗaya, wanda shi ne ya fi rikita mutane. Da dare, saboda bushewar iska da rashin gajimare, ƙasa tana saurin sakin zafinta, iska mai sanyi ta gangara ta kwanta a kwari, ta danne hayaƙin girki da na ƙunar daji da ƙurar da ke ƙasa-ƙasa. Wanda ya hau tudu kafin fitowar rana yakan ga wannan shimfiɗa a ƙarƙashinsa, kawunan duwatsu sun ɓullo ta samanta. Da hantsi ya yi, rana ta gasa ƙasa, sai iska ta fara tashi ta gauraya komai, shimfiɗar ta watse ta zama fari ɗaya daga ƙasa har sama. A Disamba da Janairu rana tana fito mana wajen ƙarfe 6:30, ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma, kuma da yake muna kusa da tsakiyar duniya hasken da ke gabanin fitowarta gajere ne, bai fi minti ashirin da ɗoriya ba. Wanda ya bar Gombe bayan sallar asuba zai isa Kaltungo ne bayan an gama rabon, gara ya kwana a can.

Wani abu da zai taimaka wajen zaɓar inda za a tsaya: ƙwayar ƙura tana watsa haske ne galibi zuwa gaba, ta inda hasken ya nufa. Shi ya sa idan ka fuskanci rana hazo yake ƙara fari da kauri, idan ka juya mata baya kuma sai ya zama kamar ya ragu, alhali iskar ɗaya ce. Kuma shi ya sa filtar CPL da ake ɗaurawa a bakin gilashi, wadda take zurfafa shuɗin sama a ranar sarari, ba ta iya yin wani abin kirki a kan ƙura, sai dai ta cinye maka haske mataki ɗaya zuwa biyu.

Tsohon Ma'aikaci a Gembu

Ina gaida Baba da Malama. Na yi aiki a garin Gembu, a kan tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, kafin in dawo gida Bauchi, kuma ina so in ƙara wani abu domin idan ɗan'uwanmu ya ci gaba da wannan sha'awa, ba makawa wata rana zai hau can.

Abin da ke kwanciya a kwarurukan Mambila da asuba, a wajen Nguroje da gonar shayi ta Kakara, sau da yawa ruwa ne, ba ƙura ba. Tudun yana kai kimanin mita 1,600, dutsen Chappal Waddi da ke kan iyakar Kamaru kuwa mita 2,419 ne, babu wanda ya fi shi tsawo a Najeriya, kuma ƙa'ida ita ce duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Wanda ya hau ta Mayo Selbe da rigar shan iska zai ji bambancin a jikinsa kafin ya kai Maisamari. A can ne shawarar masu dusar ƙanƙara take fara aiki. Wannan hazo mai laima yana tafiya da sauri, cikin minti kaɗan ya rufe kwari ya kuma buɗe, don haka sai an girke kyamara a kan ƙafarta an daidaita komai an tsaya jira, domin idan ya buɗe babu lokacin lalube. Yana jiƙa gilashi, a nan ƙyalle mai laushi yana da amfani. Idan kuma aka shigo da kyamara mai sanyi cikin ɗaki mai ɗumi da tururin girki, gumi zai kama ta ciki da waje. Maganinsa a rufe ta a jaka ko leda tun a waje, a bar ta kamar awa ɗaya ta ɗauki ɗumin ɗakin kafin a buɗe. A Gombe da Bauchi cikin hunturu iska ta bushe ƙwarai, da wuya ka gamu da wannan.

Batun batir ma haka ne. Sanyin da ke karya shi da gaske shi ne wanda ya kusa daskarar da ruwa. Jaurar asubarmu tana rage masa ƙarfi kaɗan ne kawai, sai dai idan ya tsufa. Ka riƙe na biyu a aljihun ciki inda ɗumin jiki yake, shi ke nan.

Inda na ɗan saɓa da Baba, tare da girmamawa, shi ne ɗan'uwanmu ya ce yana son hotunan da za a saya a rataye. Yawancin masu saye suna son su ga dutsen garinsu sarai, su nuna wa baƙo inda gidansu yake, ga kore ga shuɗin sama. Irin wannan hoto ba na Janairu ba ne. Lokacinsa Oktoba ne zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ya wanke iska, ciyawa ba ta bushe ba, dawa tana tsaye a gona, ƙura kuma ba ta iso ba. Ina ganin ya kamata ya san wannan kada ya ɗora duk fatansa a kan hunturu.

Ɗan Kaltungo

Yayana, ina maraba da kai a ƙasarmu, kuma na ji daɗi da wani ya tuna da duwatsunmu. Abu biyu zan faɗa waɗanda ba na kyamara ba ne. Yankinmu yana da kububuwa, ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, kuma tana fakewa ne a ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa, launinta ya saje da ƙasa. Tunda hawan asuba za ka yi cikin duhu, ka sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando mai kauri, ka riƙe tocila, kada ka cusa hannu a kogon da ba ka ga cikinsa ba, kuma ka duba wuri kafin ka durƙusa ko ka ajiye jaka.

Na biyu, kada ka hau dutsen kowa ba sallama. Ka fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi a haɗa ka da yaron gari. Wasu wurare a kan duwatsun nan tsofaffin mazaunan kakanni ne, akwai inda ba a so baƙo ya taka ko ya ɗauka. Ɗan rakiyar shi ne zai san inda aka sa wa daji wuta, kuma idan hazo ya yi kauri kana sama, shi zai sauko da kai, domin turba takan ɓace wa baƙo ko da rana tsaka. Idan ka hau Tula da yamma ka fuskanci wajen Kaltungo, rana za ta kasance a gabanka, ina jin za ka sami jerin da Baba yake magana.

Ɗalibin Hoto, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na gwada hoton farin bango kamar yadda Baba ya ce, ƙurar kuwa tana nan a kan sensa. Saura tambaya ɗaya, Baba: gilashin da nake da shi shi ne wanda ya zo da kyamara, mai milimita 18 zuwa 55, kuma ba ni da ƙafar girke kyamara. Zan iya fara hoton hazon da shi, ko sai na tara kuɗin mai jawo nesa?

Baba Mai Hoto, Bauchi

Ka fara da shi, ɗana. A kan irin kyamararka mai ƙaramar sensa, milimita 55 tana ba da ganin da ya kai kusan 85 a kyamara mai babbar sensa, kuma wannan ya isa ya tattaro duwatsu uku ko huɗu idan ka zaɓi wurin tsayawa da kyau. Ka ja shi zuwa ƙarshe, ka sa ƙofar haske a f/8, ISO kuma, wato ma'aunin saurin jin haske na sensa, a 100, abin da ya yi yawa a gefe ka yanke a kwamfuta. A madadin ƙafa, ka ɗinka 'yar jaka ka cika ta da wake ko gero kamar rabin mudu, ka ɗora a kan fa ka zaunar da kyamara a kai, sannan ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu domin kada yatsanka ya girgiza ta. Idan ta kasa saita gani a nesa saboda farin ya yi yawa, ka auna ta a kan gefen dutsen da ya fi kusa, inda baƙi ya haɗu da fari.

Maganar ɗan'uwanmu na Gembu gaskiya ce game da Oktoba, kuma ina so ka riƙe ta. Abin da zan ƙara kawai shi ne ka lura da wurin da ka tsaya a wannan hunturu, ka sa masa alama, idan Allah ya kai mu bayan damina ka koma daidai nan ka sake ɗauka. Ka buga su biyun girma ɗaya ka ajiye a shagonka kusa da juna, ka ga wanda mutanen Kaltungo da Billiri za su fi tsayawa a gabansa. Idan ka je Tula ka ɗora mana abin da ka samo a nan, tare da lambobin da ka yi aiki da su, mu duba tare.